A Cire Direba, A Sa Sabo

Akwai wata sakatariya a wani kamfani da ke kai wa makarantu da ofisoshi kujeru da tebura. Shekararta goma sha ɗaya a wurin, tana buga takardu, tana amsa waya, tana tuna wa Manaja abin da ya manta. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mace ce marar hayaniya, amma idan ta ce a'a, to gara ka nemi wata ƙofar.

Tana da wani ɗan littafi mai baƙin bango a aljihun teburinta. Duk ranar da kwamfuta ta yi gardama aka kira Injiniya, wato mai gyaran da kamfanin ke hulɗa da shi, sai Anti ta tsaya a bayansa tana kallon hannunsa. Idan ya tafi, ta rubuta abin da ta gani. Ba wanda ya sa ta. Gajiya kawai ta yi da jiran mutum kwana biyu a kan gyaran minti goma.

Manaja kuwa, Allah ya ba shi ƙoƙari, sai dai ya haɗa masa da gaggawa. Irin mutanen nan ne masu ba da amsa tun ba a gama tambaya ba. Tun da Anti ta san shi, ba ta taɓa jin ya ce "ban gane ba" ko sau ɗaya.

Sai kuma Baba Direba, dattijon da ya shekara goma sha tara yana jan motar kamfanin. Shi ya ɗauko Manaja daga tasha ranar da aka fara turo shi aiki. Baba yana da wata ɗabi'a, ba ya yar da komai. Ƙusa ce, guntuwar igiya ce, tsohuwar takarda ce, duk sai ya adana a aljihun mota. Masu lodi har tsokanarsa suke yi, wai motarsa ta fi shagon gwangwan kaya.

Wata Asabar kamfanin ya tashi daga tsohon ofis zuwa wani sabon bene. Ana cikin kwashe kaya, sai kwamfutar Manaja ta rubuta a allo cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta.

"Yallaɓai, a ɗan ba ta minti goma," in ji Anti.

"Mota na jira, ke kina maganar minti goma?" Ya sa hannu ya fizge fulogin daga bango.

Baba ya naɗe kwamfutar da bargo, ya zaunar da ita a kujerar gaba, har bel ya ɗaura mata. Tsofaffin kwalayen da ke sito kuma Manaja ya ce a kai bola, Baba ya kai.

Ranar Litinin da safe aka jona komai, kwamfuta ta tashi lafiya lau, amma intanet ya ce bai san zance ba. A can kusurwar allo sai ɗan hoton duniya da alamar hani a jikinsa. Ga shi kuma ranar ce ta ƙarshe ta aika takardun wata babbar kwangila zuwa babban ofis, kafin ƙarfe huɗu, kuma manhajar aikawar a kwamfutar Manaja kaɗai take.

Manaja ya kira Injiniya. Da yake kullum a buɗe yake barin muryar wayarsa, Anti tana jin komai daga teburinta. Injiniya yana cikin motar haya a kan hanyar wani gari, murya na yankewa tana dawowa.

"Yallaɓai, fitilun akwatin intanet ɗin suna ci?"

"Duk suna ci!"

"To ai matsalar direba ce. A cire shi, a sa sabo. Shi ke nan."

Kit, layi ya yanke.

Manaja ya buga tebur. "Na faɗa! Ai na san za a rina!"

Kafin Anti ta ture kujerarta, har ya kai bakin matakala yana ƙwala wa Baba kira. Ma'aikata suka leƙo ta taga, masu lodi suka ajiye teburin da suka ɗauko. Baba ya taho yana goge hannu da tsumma.

"Ba ni makullin mota."

"Lafiya dai, Yallaɓai?"

"Ka jijjige min kwamfuta a ramukan hanya ka kashe ta, kana tambayata lafiya? Injiniya da bakinsa ya ce matsalar direba ce, a cire shi a sa sabo. To na cire ka."

Anti ta sauko da sauri. "Yallaɓai, ba wannan direban yake..."

"Ke, ban kira ki ba! Je ki buga min takardar sallama."

Baba ya dubi Manaja. Sannan ya zaro makullin ya miƙa masa da hannu biyu. Bai roƙa ba, bai ɗaga murya ba. Ya taka zuwa bencin bakin ƙofa ya zauna, ya gyara hularsa.

"Ga makulli na bayar," in ji shi. "Amma daga nan ba inda za ni sai an nuna min abin da na fasa."

Ran Anti ya ɓaci ƙwarai. An bar jaki ana dukan taiki, kuma a gaban yaran da Baba ya haifi kamarsu. Ta bi Manaja ofishinsa, ta turo ƙofa a bayanta, don ba ta son ta tozarta shi a idon mutane.

"Yallaɓai, don Allah ka saurare ni minti ɗaya. A cikin kwamfutar nan akwai wani kati da ke karɓar intanet. Katin ba ya aiki sai da wata ƙaramar manhaja da ke sarrafa shi. Ita masu gyara ke kira direba. Ita Injiniya yake nufi, ba Baba ba."

Manaja ya kwashe da dariya. "Wato a cikin kwamfuta akwai direba? Har da kwandasta ko?"

"Kwandasta dai ban taɓa gani ba. Direba kam akwai."

"Malama, kin fi Injiniya sani ne? Kina so ki rufa wa tsohon nan asiri, shi ne za ki zo min da tatsuniya. Takarda na ce ki buga."

"Ba zan buga ba."

Ya ɗago kai kamar bai ji daidai ba. "Me kika ce?"

"Na ce ba zan buga ba, Yallaɓai. Shekara goma sha ɗaya duk abin da ka ba ni na buga. Amma ƙarya a kan dattijo, hannuna ba zai buga ta ba."

"To sai ki buga biyu, da tasa da taki!"

Ta ji tsoro, ba za a ɓoye wannan ba. Tana da 'ya'ya uku a makaranta, kuma ba a tsintar aiki a bakin titi. Amma ta tuna yadda Baba ya miƙa makullin nan, sai ta ji tsoron ya koma gefe.

"Ka ba ni kwamfutar zuwa ƙarfe huɗu," in ji ta. "In intanet bai dawo ba, tawa takardar ni zan buga da hannuna in sa hannu. Ta Baba kuwa sai dai ka nemi wani."

Manaja ya sake kiran Injiniya har sau uku, waya a kashe. Ya duba agogo, ya ga ba shi da wata mafita. Ya tashi daga kujerar yana huci.

"Bismilla, Injiniya mace. Muna kallo."

Anti ta ɗauko littafinta mai baƙin bango ta zauna. Ta fara daga ƙasa, yadda ta ga masu gyara suna yi. Ta duba wayarta ta hannu, ta ga ta kama intanet ɗin ofis sarai, wato layi lafiyarsa ƙalau. Ta kashe akwatin intanet ta ƙirga talatin ta kunna, shiru. Ta zare kebul ta sa wani sabo, shiru. Ta durƙusa ta leƙa bayan kwamfutar, sai ta ga 'yar fitilar bakin kebul ɗin tana ci.

"Yallaɓai, zo ka gani. Katin da ya fashe ba ya kunna fitila. Ba abin da hanya ta yi wa kwamfutar nan."

"Ni intanet nake son gani, ba fitila ba," in ji shi, bai ko matso ba.

Ta buɗe jerin kayan da ke cikin kwamfutar. Can a tsakiya, a gefen sunan katin intanet, ga wata alama mai ruwan ɗorawa kamar ta gargaɗin kan titi. Littafinta ya ce wannan alamar na nufin direba ya lalace. Ta cire tsohon, ta kashe kwamfutar ta kunna, ko za ta nemo wani da kanta. Ba ta nemo ba.

Nan fa ake yin ta. Sabon direba a intanet yake, intanet kuma ba zai zo ba sai da direba.

Ta koma kan wayarta ta shiga nema. Takardar da ke ɗauke da lambar kwamfutar ta daɗe da gogewa, ga direbobi birjik masu suna kusan iri ɗaya. Ta sauke guda, ta tura wa kwamfutar ta igiyar caji, kwamfuta ta ce ba nata ba ne. Ta sauke na biyu, shi ma ta tofar. Na uku ya kai rabi ya tsaya cak.

Ƙarfe biyu da rabi ta wuce. Manaja yana ta safa da marwa a bayanta yana tsaki.

"Malama, in kin gaji ki faɗa. Firinta na nan da takarda a ciki."

Anti ta tashi ta ɗebi ruwa a kofi ta sauka ƙasa, don ta tuna tun safe Baba bai motsa daga bencin nan ba.

Baba ya karɓi ruwan ya sha, ya dube ta. "'Yata, na ji abin da kika yi. Ki koma ki buga musu takardarsu. Ni na ci zamanina, ke kina da ƙananan yara."

"Baba, ko za a kore mu tare, ba zan buga ba."

Ya yi murmushi. "Taurin kai dai kamar ni na haife ki. To wai me ya gagara ne?"

Ta zauna a gefen bencin ta yi masa bayanin direban cikin kwamfuta. Baba ya riƙe haɓa, sai kuma ya fashe da dariya har da tari.

"Ashe takwara gare ni ban sani ba! Shi ya yi laifi, ni aka kora. To shi takwaran nawa a ina ake samunsa?"

"A intanet, Baba, amma na kasa gane wanda ya dace. Da can idan an sayi kwamfuta, akan haɗo ta da wani faifai a cikin kwali, duk direbobinta suna ciki. Ga shi kwalayen an kai bola."

Baba ya ajiye kofin a hankali. "Faifai mai ƙyalli, da rami a tsakiya? A cikin farin ambulan tare da wani ɗan littafi?"

Anti ta miƙe tsaye. "Baba!"

"Kwali aka ce in yar, ba a ce in yar da abin ciki ba. Yana aljihun mota."

Makullin mota kuwa yana aljihun Manaja. Anti ta hau matakalar nan bibbiyu.

"Yallaɓai, makullin mota nake so."

"Ki kai masa ya gudu da ita?"

"Direban da kake nema yana cikin motar."

Manaja ya leƙa ta taga, ya ga Baba a kan benci, mota kuma a rufe can gefe. Ya dubi Anti kamar mai shirin cewa ta taɓu. Amma agogo ya nuna uku da minti goma, don haka ya sauko da kansa, makulli a hannu, ya buɗe motar.

"Kai Baba, zo ka ɗauko abin da take faɗa."

Baba ko gezau. "Yallaɓai, ni korarre ne. Ba na taɓa motar mutane. Ka buɗe aljihun gaba, ka ɗaga tsumma, ka wuce ƙusoshi, yana ƙarƙashin igiya."

Jama'a, a ranar an ga abin kallo. Manaja guda, da kwat da komai, ya sunkuya yana tonon aljihun mota. Ya fito da ƙusoshi, ya fito da murfin biro, ya fito da wata tsohuwar fitila marar batir. Masu lodi suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Can dai sai ga farin ambulan.

Anti ta karɓa ta yi sama. Ta goge faifan da gefen mayafinta, ta zura shi. Kwamfutar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, sannan ta baje jerin direbobinta. Anti ta zaɓi na katin intanet ta danna. Wani koren layi ya fara tafiya a allo kamar mai ciwon ƙafa. Da ya kai ƙarshe, ta kashe kwamfutar ta kunna.

Ma'aikata sun cika bakin ƙofa. Allo ya haska. Ɗan hoton duniyar nan ya tsaya jim, ya juya, sai ya ɓace. Saƙonnin kwana biyu suka fara shigowa suna ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Anti ta tashi daga kujerar.

"Bismilla, Yallaɓai. Saura minti ashirin da biyar."

Manaja ya zauna ya aika takardunsa. Saƙon tabbaci yana shigowa, sai ga wayarsa tana ƙara. Injiniya ne ya sauka daga mota. Hannun Manaja ya riga tunaninsa, ya buɗe muryar kamar yadda ya saba.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, caji ne ya ƙare. An samu an cire direban?"

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "An cire shi tun safe, yana kan benci!"

"Benci kuma?" in ji Injiniya. "Wane benci? Direban katin intanet fa nake nufi. Shi kuma ba ya lalacewa haka kawai. Yawanci sai in kwamfuta tana sabunta kanta wani ya zare mata wuta. Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Rabin mutanen da ke wurin sun ga wanda ya fizge fulogin nan ranar Asabar. Anti ta tsaya tana kallon Manaja. Shi kuma ya kashe wayar, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Da mutane suka watse, ya zaro makullin ya tura mata a kan tebur, bai ɗago ido ba.

"Ki kai wa Baba. Ki ce ya ci gaba da aikinsa."

Anti ta mayar da hannuwanta baya. "Yallaɓai, ba ni na karɓa ba."

"Malama, kada ki wuce gona da iri."

"Ban wuce ba. A tsakar fili aka karɓa, a gaban kowa. Can ya kamata a mayar."

Manaja ya ɗauki makullin daga kan tebur. Ya jujjuya shi a hannu. Daga ƙarshe ya tashi ya sauka, Anti na biye da shi, ma'aikata suka sake leƙowa ta taga.

Ya tsaya a gaban bencin. A karo na farko tun da Anti ta san shi, ta ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ban gane maganar Injiniya ba. Laifin nawa ne, ni na zare wutar. Ka yafe min."

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya karɓi makullin da hannu biyu kamar yadda ya bayar.

"Na yafe, Yallaɓai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma bari in gaya maka wani abu. Shekara goma sha tara ina jan motar nan. Duk ranar da ban san hanya ba, tsayawa nake yi in sauke gilashi in yi tambaya, ko da mai tallan ruwa ne. Har yau ba ta rage ni da komai ba."

Ya wuce ya buɗe motarsa, ya shiga tattara ƙusoshin da Manaja ya watsar yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Anti ta koma teburinta. Sai a lokacin ta ji hawaye na neman zubo mata, ta share abinta ba wanda ya gani. Ta buɗe littafinta mai baƙin bango ta rubuta gyaran ranar daki-daki, tun daga kebul har zuwa faifai. A ƙasan shafin ta ƙara layi ɗaya, ta ja masa layi biyu: "Kafin a cire direba, a tambaya wanne."

Darasi: Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, girman kai kuma rawanin tsiya. In ba ka gane magana ba, ka ce ba ka gane ba, kafin ka yanke hukuncin da zai raba wani da abincinsa da mutuncinsa. Kai kuma da ka san gaskiya, kada tsoron babba ya sa ka buga ƙarya da hannunka. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki wannan labari, musamman wancan ɗin da ba ya bari a gama magana.